Tarihin Likita Mila, Baturen Da Ya Tafi Tarabulus Neman Hausa

A cikin Turawan da suka shigo ƙasar Hausa a farkon ƙarni na ashirin, waɗansu da bindiga suka zo, waɗansu da sikelin awon gyaɗa da fata. Wanda zan ba da tarihinsa a wannan fili shi da akwatin magani da littafi ya zo. Cikakken sunansa Walter Richard Samuel Miller, amma Zazzagawa ba su wahalar da bakinsu ba, Likita Mila suke ce masa. Ɗan mishan ne, watau mai yaɗa addinin Kirista, ni kuwa da nake wannan rubutu Musulmi ne, saboda haka kada mai karatu ya zaci wa'azi zan yi masa. Abin da ya ja hankalina ga mutumin nan shi ne yadda ya koyi harshenmu, da irin mutanen da ya koya a wurinsu, da kuma inda harshen ya kai shi a ƙarshe, wanda ba can ya nufa ba sa'ad da ya baro gida.

An haife shi a shekarar 1872 a wani ɗan gari da ake kira Honiton, a lardin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin Saint Bartholomew da ke birnin Landan, ya gama a 1896. Da ya so, da sai ya zauna a ƙasarsu ya yi ta duba marasa lafiya, ya yi aure, ya tara abin duniya. Amma zuciyarsa ta riga ta karkata ga aikin mishan, sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar C.M.S., wadda ita ce ta cocin Ingila mai aika masu wa'azi ƙasashen waje. A lokacin nan labarin ƙasar Hausa ya cika kunnuwan mutanen coci a Ingila. Ana ta ba su labarin birane masu ganuwa, da kasuwar Kano, da dubban dubatan mutane masu harshe ɗaya, masu karatu da rubutu da fatauci. Sai suka yi lissafi cewa in suka sami Hausawa, to, sun huta, don fataken Hausa da kansu za su ɗauki addinin su kai shi har Gwanja da bakin teku, kamar yadda suke kai goro da kanwa. Da wannan lissafi Mila ya fara shiri.

To, al'adar ƙungiyoyin mishan ce ba su sakin mutum ya fara aiki sai ya koyi harshen inda za shi, don likita yana iya ɗaure gyambo da ishara, amma wa'azi ba ya yiwuwa da ishara. Waɗansu ma harshe biyu ke jiransu, na masu mulki da na talakawa. Misali, 'yan mishan na Amurka da Ingila da suka riƙa tafiya Angola da Mozambik, sai sun fara yada zango a Lisbon sun yi watanni suna koyon Fotugis, don ƙasashen nan a hannun Fotugal suke. Daga baya, a 1921, har doka aka kafa a Angola wadda ta tilasta wa makarantun mishan koyarwa da Fotugis. Haka waɗanda suka zo Damagaram da Maraɗi, dole suka haɗa da Faransanci. Waɗannan duka suna da makaranta da malami da allo. Shi Mila matsalarsa dabam ce. A 1898 ba Baturen da ke mulkin Kano ko Katsina, ƙasa tana hannun sarakunanta a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, kuma ba wani gari na Hausa da zai je ya ce ya zo zama don koyon magana.

Littattafai kam akwai 'yan kaɗan. Wani Bajamushe ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda ya shigo kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya koyi Hausa a wurin bayin da aka 'yanta a Saliyo. Daga baya ya ƙara da abin da ya samu a bakin wani yaro, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda matafiyin nan Barth, da mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim, ya tafi da shi Turai a 1855. Schön ya fitar da littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, amma har ya mutu a 1889 bai taɓa taka Kano ko Katsina ko Zariya ba. Bayansa aka yi Charles Robinson, wanda shi ya sami isa Kano a ƙarshen 1894 ya yi 'yan watanni. Kafin ya zo kuwa, a Tarabulus da Tunis ya fara sa kunnensa ga Hausa. Wannan sawu Mila ya bi, shi da abokansa biyu, Richardson da Dudley Ryder.

Wataƙila mai karatu ya yi mamaki, me ya haɗa Tarabulus da Hausa, gari a bakin Bahar Rum, a ƙasar Larabawa, a lokacin kuma ƙarƙashin mulkin Turkawa? Amsa ita ce raƙumi. Shekaru aru-aru ayari yana tashi daga Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas da Gat da Gadamas, ya sauke a Tarabulus. Ana kai jar fata da gashin jimina da hauren giwa da bayi, a komo da takarda da alharini da tsakiya da turare. Larabawan Gadamas suna da gidaje a cikin birnin Kano, har yau ma akwai unguwar da ake kira Dandalin Turawa, don a da Larabawa ake ce wa Turawa. Haka su ma Hausawa suka taru a can: fatake da suka maƙale, da bayin da suka sami 'yanci ba su da guzurin komawa, da maniyyata masu bi ta nan su shiga jirgin ruwa zuwa Masar da Jidda. Cikin waɗannan mutane Mila ya zauna a tsakanin 1898 da 1899. Ashe ke nan malamansa na farko talakawa ne matafiya, waɗanda hamada ta gajiyar, ba masu digiri ba.

A nan ina so in ɗan tsaya, don mu da muka sha Hausa a nono ba mu san nauyin abin da ya ɗauka ba. Mu kullum kukanmu Ingilishi da wuya, Faransanci ya fi shi, alhali muna da malami da ƙamus da fitila. To, a auna Bature ɗan shekara 27, wanda kunnensa bai taɓa rarrabe ka da ƙa ba. In ya ce kafa yana nufin ƙafa, an yi dariya. In ya ce baki, sai a tambaye shi, wanda ake cin tuwo da shi, ko baƙi na launi, ko baƙi da suka zo daga nesa? Daɗin daɗawa ga karin sauti, wanda rubutu ba ya nunawa. Kuka na itace dabam, kuka na hawaye dabam. Wuya da ake rataya laya dabam, wuya ta wahala dabam. Gashi na kai, da gashi na nama, da ga shi na miƙa abu, duk a kunnen baƙo abu ɗaya ne. Sa'an nan ga jinsi: a Ingilishi kalma guda ce ake fuskantar namiji da mace da ita, mu kuwa muna da kai da ke, kuma kowane abu, daga tukunya har rana, sai an san ko ya ne ko ta ce. Littattafan da ya zo da su ba su da taimako sosai a nan, don Turawan farko ba su raba waɗannan sautuka a rubutu yadda ya kamata ba. Haruffan nan masu lanƙwasa da muke rubutawa yanzu, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka zauna. Saboda haka ba abin da ya rage masa sai kasa kunne, da maimaitawa, da haƙuri da dariyar yara.

A Tarabulus ɗin ne ya gamu da wani yaro mutumin ƙasar Katsina, sunansa Abdulmajid, ana kiransa Audu. Yaron ya taso da mahaifinsa za su aikin hajji, uban ya rasu a hanya, ya bar shi maraya a baƙon gari. Mila ya riƙe shi. Audu ya ci gaba da tafiyarsa har ya sauke farali, daga baya kuma ya sake haɗuwa da Mila, ya zauna tare da shi a Nijeriya shekaru masu yawa. A ganina duk mai yabon Hausar Likita Mila, to, ya raba yabon nan ya ba yaron nan rabonsa. Babba yakan ji nauyin gyara wa baƙo magana, ya ce masa madalla ko da ya kwafsa. Yaro kuwa ba ruwansa, in ka faɗi ba daidai ba sai ya ƙyalƙyace, kuma wannan dariya ita ce bulalar da ke gyara harshe.

A ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewa ta shiga hannunsu, ko da yake a lokacin maganar baki ce kawai, don sarakuna ba su san ana yi ba. A farkon shekarar nan su Mila suka taso daga Ikko su biyar: Bishop Tugwell shi ne madugu, sai Mila, da Richardson, da Ryder, da wani Burgin. A ƙasa suka yi tafiyar, da 'yan alaro masu ɗaukar kaya, suka haye Kwara a Jebba. Lugga bai so su wuce inda sojansa za su iya kare su ba, amma suka wuce. Da suka isa Zariya, Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da sakin fuska, har ya nuna musu gara su tsaya nan. Su kuwa idonsu na kan Kano. Duk mai tasowa daga Zariya zuwa Kano a zamanin nan sai ya ratsa ƙasarmu ta kudancin Kano, babbar hanyar fatake kuwa ta Bebeji ta bi, ita ce ma Clapperton ya bi tun 1826. Watau kakannin kakanninmu na cikin waɗanda suka fara jin Hausar Tarabulus a bakin Bature, suna tsaye a gefen gona a cikin zafin bazara.

A watan Afrilu suka shiga Kano. Sarkin Kano Alu Babba, wanda ya hau gadon sarauta bayan yaƙin Basasa, ya sa aka kai su gabansa a Fanisau. Suka bayyana abin da ke tafe da su, cewa suna so su zauna su buɗe makaranta su ba da magani. Sarki bai ɓata lokaci ba. Ya nuna musu cewa Kano tana da malamanta da littafinta, kuma ba wanda zai zauna masa a gari ba da iznin Sarkin Musulmi ba, ya ba su kwana uku su tattara nasu-ya-nasu. In an tambaye ni, ban ga laifin Sarki Alu ba. Mutum yana jin labarin Turawa sun ci Bida da Ilori tun 1897, Faransa kuma ta shiga Damagaram, sa'an nan ga waɗansu Turawa biyar sun faɗo masa ba sallamar kowa, yaya zai rarrabe mai littafi da mai bindiga? Abin da Mila ya koya a Tarabulus ya isa ya gane kowace kalma ta korar da aka yi masa, amma bai isa ya sanar da shi cewa a ƙasar Hausa baƙo ba ya shiga gari sai da mai masauki ba. Suka juyo, suka sake ratsa ƙasarmu, suka koma Zazzau.

Daga nan wahala ta ce salamu alaikum. Suka yada zango a Girku, wani ƙauye kudu da Zariya. Damina ta sauka, ciwo ya kama su. Dudley Ryder, wanda suka yi zaman Tarabulus tare, ya mutu a nan, bai yi amfani da Hausar da ya sha wuya a kanta ba sai 'yan watanni. Richardson ya kwanta, aka mai da shi gida. Gobara ta cinye musu bukkoki, daga ƙarshe suka janye zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. A cikin su uku da suka je Tarabulus, Mila kaɗai ya rage a fagen. Duk da haka a 1901 ya fitar da ɗan littafinsa na koyon harshe mai suna Hausa Notes. A wannan lokaci ne kuma waɗansu samari biyu suka shigo aikin mishan ɗin, waɗanda daga baya suka bar shi suka yi suna a wani fanni: Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar gwamnati ta Nasarawa a Kano a 1909, da G. P. Bargery, mai babban ƙamus ɗin nan na 1934.

Abin da lallashi bai buɗe ba, igwa ta buɗe. A farkon 1903 sojan Lugga suka taso daga Zariya, Bebeji ce garin farko da ya tare su, suka fasa ƙofarta da igwa, aka kashe mutane. Ran 3 ga Fabrairu suka ci Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Mai karatu zai zaci yanzu kam hanya ta buɗe wa Mila. Ina! Da Lugga ya isa Sakkwato a watan Maris, sai ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu a addinin mutane ba, kuma Turawan mulki suka ga zamansu lafiya ya dogara ga sarakuna, saboda haka suka riƙa hana 'yan mishan shiga garuruwan Musulmi. Mila dai ya sami sa'a guda. Lugga yana ganin girmansa, yana kuma amfana da Hausarsa wajen fassarar takardu, kuma a 1905 aka yarda ya shiga cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya zauna a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta ta kwana a gidansa. Yana koya wa yara karatu da Hausar boko kafin Ingilishi, har da malaman gari masu ajami sukan zo su koyi baƙaƙen Turawa.

Shekaru suka yi ta wucewa, mutane suna zuwa shan magani, suna yaba Hausarsa, suna gaishe shi, amma waɗanda suka bi addininsa ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wani abu ya faru da ya faranta masa rai. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya riƙa fifita zancen Annabi Isa a karatunsa, har aka kashe shi a kasuwa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Ningi, ba nisa da mu. Jikokin waɗannan ne waɗansu daga cikinsu suka zo wurin Mila. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, a ƙasar Maƙarfi, suka yi gonaki da makaranta. Ba a daɗe ba sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu, ya kashe da yawa, ƙauyen ya watse, aka kwashe sauran yaran zuwa Zariya. Likita ne, amma a lokacin ba shi da maganin da zai tsai da wannan ciwo, yana ji yana gani.

Ba zan ɓoye halinsa ba, don tarihi ba kirari ba ne. Mila mutum ne mai kafiya da zafin baki. Ba ya ganin kowa da gashi in ya tabbata shi ke da gaskiya. Ya tsani zaluncin dogarai da hakimai a kan talakawa, wannan kam abin yabo ne, kuma da yake yana jin Hausa ba ta bakin tafinta ba, kukan talaka yana isa kunnensa kai tsaye, abin da Razdan da yawa ba su samu ba. Ya yi ta kai ƙarar Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya ba shi wurin zama, kuma yana cikin waɗanda suka sa baki har aka tuɓe Sarkin aka kai shi Lakwaja. Turawan mulki su ma ba su tsira daga alƙalaminsa ba. Amma fa a rubuce-rubucensa ya yi wa Musulunci da sarautar Fulani hukunci mai tsauri wanda ni ban yarda da shi ba, kuma ina ganin mutumin da ya san kalmominmu haka ya kamata ya fi haka sanin darajar abin da muka riƙe. Daga ƙarshe hukuma ta matsa a fitar da mishan daga cikin birni, aka ba su fili a Wusasa, suka koma a 1929, aka gina coci na ƙasa irin ginin Hausa, da asibiti, da makaranta. Shi Mila ransa bai so wannan ƙaura ba. Sai ya tattara takardunsa ya koma Kano, garin da aka kore shi kusan shekara 30 da suka wuce, don ya ƙarasa babban aikin da ya sa a gaba.

Aikin nan shi ne fassara Baibul gaba ɗaya zuwa Hausa. Ba shi kaɗai ya yi ba, akwai 'yan mishan na sauran ƙungiyoyi, akwai kuma Hausawa da suka zauna da shi suna tace jimla ɗaya-ɗaya, ko da yake ba a cika ambaton su ba. Amma shi ne ginshiƙi. A nan ya tarar da wani abin da duk mai nazarin harshe zai so ya lura da shi. Duk kalmar da ya nema ta zancen addini, sai ya iske Musulunci ya riga shi kawo ta daga Larabci, ta zauna daram a bakin mutane: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, addu'a, sadaka, lahira, Zabura. Ba shi da wata hanya sai ya ɗebi waɗannan ya yi gininsa da su. Ko sunan littafin ma, Littafi Mai Tsarki, kalmar farko asalinta Larabci ne. An buga shi a 1932, shekara 33 ke nan bayan zaman Tarabulus, kuma shi aka yi ta karantawa har ƙarshen shekarun 1970 da aka fitar da sabuwar fassara.

To, ga inda lissafin mutanen Landan ya sha bamban da abin da ya auku. Don Hausawan birni aka yi wahalar nan duka, su kuwa suka tsaya a kan addininsu, har yau. Waɗanda suka karɓi littafin hannu biyu-biyu su ne ƙabilun Filato, da kudancin Zazzau, da kudancin Bauci, da Adamawa, waɗanda kowace tana da harshenta. Da yake 'yan mishan ba su iya fassara wa kowa nasa ba, sai Hausa ta zama harshen coci da waƙa da makaranta a wurarensu. Watau mutumin da ya koyi Hausa don ya sauya Hausawa, sai ga shi ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙara wa Hausa faɗi a inda da ba ta da ƙarfi. A nan wajenmu ma, a ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa da Kiru, akwai Maguzawa da suka shiga addinin Kirista daga baya, Hausawa ne gaba da baya, muna cin kasuwa ɗaya da su, kuma da Hausa suke ibadarsu.

Makarantarsa kuwa, ƙanƙanuwa ce, amma ta yi 'ya'ya. Daga cikinta aka sami Dokta R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita irin na asibiti, wanda kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Akwai Malam John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da ake karantawa a ajin Hausa. A Wusasa Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, asalin gidansu kuwa Isawa ne. A nan ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Bayan fitowar littafin, Mila ya ajiye aikin C.M.S. a 1935 ya koma Ingila, ya rubuta labarin abin da ya gani a wani littafi mai suna Reflections of a Pioneer, wanda ya fito a 1936. Amma zaman Ingila bai karɓe shi ba. Bai taɓa aure ba, 'ya'yansa su ne yaran da ya rena a Zariya, abokan hirarsa duk suna nan, harshen da ya saba tashi da shi ya kwana da shi kuma ba mai jin sa a Devon. A 1939 ya komo Nijeriya, ba a ƙarƙashin kowace ƙungiya ba. Ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce, yana sukar yadda Turawa suka tafiyar da mulkin Arewa, musamman sakacinsu wajen ilmi, har ya fitar da wani littafi a 1947 mai tambayar ko Ingila ta kasa a Nijeriya. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru, kusa da Jos, ya mutu a can a 1952 yana da shekara 80, aka binne shi a ƙasar Filato. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa, Kamfanin Gaskiya na Zariya ne ya buga shi.